Wanda Ya Ci Gasa da Wanda Ya Ci Zamani

Gabatarwa

A taron ƙungiyarmu na ƙarshen zangon da ya wuce, shugaba ya yi mana albishir cewa wani tsohon ɗan ƙungiya, wanda Allah ya buɗa wa, ya ɗauki alkawarin ba da kuɗi kowace shekara domin a riƙa shirya gasar rubutun zube tsakanin ɗalibai. Aka yi tafi, aka yi masa addu'a, nan take aka kafa kwamiti. Abin da kwamitin ya fara tattaunawa kuwa shi ne zauren da za a yi biki, da manyan baƙin da za a gayyata, da irin allon yabon da za a sassaƙo. Har aka tashi ban ji wanda ya tambayi abin da za a yi da labaran bayan an watse ba, balle ma'aunin da alƙalai za su auna su da shi.

Kafin in ci gaba, gara in tona kaina da kaina, tun da ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Bara na shiga wata gasar gajerun labarai ta ɗalibai, ban zo na ɗaya ba, ban zo na goma ba. Da na nemi a gaya mini inda labarina ya gaza, sai aka ce hukuncin alƙalai ba shi da ɗaukaka ƙara. Saboda haka in wani ya ce akwai haushin faɗuwa cikin wannan maƙala, ba zan yi rantsuwa ba. Amma haushin nan ne ya kai ni ɗakin karatu, na bi tarihin gasannin rubutun Hausa, na kuma sake karanta littattafan da suka haifar. Abin da na fahimta shi ne, kowace gasa tana da alƙalai iri biyu. Akwai waɗanda ke zama kan tebur su ba da kyauta a rana ɗaya, akwai kuma masu karatu, waɗanda hukuncinsu kan ɗauki shekaru kafin ya fito. Darajar gasa tana ga yadda ta kai littafi gaban alƙalan nan na biyu. Wannan shi ne abin da nake son in warware, malamaina su gyara mini inda na kauce.

Kyauta a gargajiyance

Ba Turawa suka koya wa Bahaushe saka wa mai fasaha ba. Tun fil azal sarki kan ba makaɗinsa riga da rawani da doki, wani lokaci har gida da gona, yabon gwani kuwa ya zama dole. Amma kowa ya san kyautar fada ba ta zuwa ita kaɗai, tana tafe da sharaɗi ko da ba a faɗa ba. Ibrahim Narambaɗa ya yi wa Sarkin Gobir na Isa waƙoƙin da har yau ake nazari a sashenmu, duk da haka ba wanda zai buɗe kunne yana jiran ya ji aibin ubangidan a cikinsu. Kowa ya ci ladan kuturu, dole ya yi masa aski.

Ban kawo wannan don in rage wa makaɗan fada daraja ba. Na kawo shi ne don mu tuna cewa mai ba da kyauta yana da hannu a cikin abin da ake ƙirƙira. Gasar rubutu ma fada ce. Wanda ya sa kuɗi, ya tsara sharuɗɗa, ya zaɓi alƙalai, shi ne sarkin, marubuta kuwa za su karkata alƙalaminsu wajen abin da suka ga yana so. Don haka alƙalin gasa manazarci ne kamar kowane manazarci, sai dai shi yana riƙe da jaka.

Gasar 1933

Ƙagaggen labari na Hausar boko a cikin gasa aka haife shi. A 1933 Dokta Rupert East, wanda ke shugabancin Hukumar Fassara a Zariya, ya zagaya manyan garuruwan Arewa yana roƙon malaman da suka yi boko su rubuta labarai daga ƙwaƙwalwarsu. Bai sami abin da sauƙi ba, domin a wurin malaman wancan zamani rubutu na ilmi ne da addini, tatsuniya kuwa ta mata da yara ce. Daga wannan yunƙuri aka sami Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, da Ganɗoki na wansa Bello Kagara, da Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, da Idon Matambayi na Muhammadu Gwarzo, sai kuma Jiki Magayi wanda John Tafida ya rubuta tare da shi East ɗin.

Mu dubi hannun alƙali a cikinsu. East yana neman abin da 'yan makaranta za su karanta su ji daɗi, Hausa mai sauƙi, labari mai gudu, ba wa'azi mai tsawo. Ba kuwa zaɓe kawai ya yi ba, ya sa alƙalami ya yi gyara, har ya zubar da wasu sassa na rubutun Imam da ya ga daga littattafan wasu aka ɗebo su. Shi ya sa zubin mafi yawansu ya zo ɗaya: tauraro ya bar gida, ya sha gwagwarmaya gari gari, ya komo ya zauna yana ba jama'a labari. Alhaji Imam ya tafi neman ruwan Bagaja, shi da Malam Zurƙe suna ta yi wa juna ƙeta. Umar ya faɗa hannun masu fataucin bayi, ya ƙetare hamada, ya komo malami. Wannan zubi ya daɗe yana bin marubutanmu, ana iya ganin sawunsa a Iliya Ɗan Maiƙarfi na Ahmadu Ingawa, har zuwa Tauraruwa Mai Wutsiya na Umaru Dembo, inda tafiyar ta koma sararin samaniya.

Inda hannun ya fi fitowa fili a ganina shi ne Ganɗoki. Littafin ya buɗe da jarumi yana yaƙar Turawa da takobi, yana kirari, mai karatu yana jin jininsa na tafasa. Sai marubucin ya ɗauke shi ya kai shi ƙasashen aljannu, da ya komo gida kuwa sai ya tarar da zaman lafiya da makarantu, ya shiga yaba sabon zamani. Ba na cewa an tilasta wa Bello Kagara ya rufe littafinsa haka. Cewa nake yi ya san wanda zai karanta rubutun kafin kowa, kuma ma'aikacin gwamnatin da ta ci ƙasar ne.

Duk da wannan, gasar 1933 ta yi abin da ya sa har yau muke ambatonta. An buga littattafan, an kai su makarantu, an yi ta sake buga su a ƙarƙashin Kamfanin Gaskiya da aka kafa a 1945, da hukumar NORLA ta shekarun 1950, da Kamfanin NNPC da aka kafa a 1966. Shaihu Umar ya sami fassarar Turanci daga Mervyn Hiskett a 1967, Umaru Ladan da Dexter Lyndersay suka mai da shi wasan kwaikwayo, Adamu Halilu ya yi fim ɗinsa a 1976. Yau wa ya damu da ko sule nawa aka ba kowannensu? Babbar kyautar da Imam ya samu, wanda ya shiga gasar yana ɗan shekara 22 kamar da yawa daga cikinmu, ita ce daga baya East ya jawo shi Zariya ya ba shi wurin zama da lokacin rubutu. Daga nan Magana Jari Ce ta fito, daga nan kuma ya zama editan Gaskiya Ta Fi Kwabo da aka fara bugawa a 1939. Tafawa Ɓalewa kuwa, wanda a nawa ɗan nazarin ya fi su duka iya riƙe jigo ɗaya daga farko har ƙarshe, koyarwa da siyasa suka ɗauke shi, bai sake ba mu wani ƙagaggen labari ba.

Gasannin 1980 da 1982

An yi shekaru fiye da arba'in kafin a sake gasar da ta girgiza rubutun zube. A ƙarshen shekarun 1970 Kamfanin NNPC ya shirya tasa, aka buga littattafai uku a 1980: Mallakin Zuciyata na Sulaiman Ibrahim Katsina wanda ya zo na ɗaya, da So Aljannar Duniya na Hafsatu Abdulwahid wanda ya zo na biyu, da Amadi Na Malam Amah na Magaji Ɗambatta.

A nan ne bambancin alƙalan nan biyu ya fito sarari. Ba na ganin alƙalan tebur sun yi zalunci. In ana maganar tsari da ƙulla zaren labari, Mallakin Zuciyata ya fi ɗaurewa. So Aljannar Duniya yana da rauninsa, musamman inda aljana ta shigo tsakanin masoyan, labarin ya bar matsalar da ya ɗauko ta gida da dangi ya koma duniyar tatsuniya. Amma a cikinsa akwai abin da ba a taɓa ji ba a rubutun boko: Boɗaɗo, 'yar Fulani, ta buɗe baki ta ce ga wanda take so, Yasir, ko da ba jininsu ba ne, ta kuma tsaya a kan maganarta gaban manya. Mace ce ta rubuta, kuma shi ne ƙagaggen littafin Hausa na farko da aka buga wa mace. 'Yan matan da suka karanta shi a makarantun kwana sun ga kansu a ciki, wasunsu kuma suka ga cewa su ma za su iya riƙe alƙalami. Yau in aka tambayi manazarci littafin da ya share fagen labaran soyayya na mata, na biyun nan zai ambata. Ma'aunin alƙalai ya auna gini, bai auna ƙishirwar masu karatu ba.

Sai gasar da Sashen Al'adu na Gwamnatin Tarayya ya shirya, wadda aka buga littattafanta a 1982. Daga cikinta aka sami Turmin Danya na Sulaiman Ibrahim Katsina, da Ƙarshen Alewa Ƙasa na Bature Gagare, da Tsumangiyar Kan Hanya na Musa Muhammad Bello, da Zaɓi Naka na Munir Muhammad Katsina, har da wasan kwaikwayo da waƙoƙi. Wannan karon kiɗa ya canza, rawa ma ta canza. Zamanin kuɗin man fetur ne, marubutan suka bar aljannu suka dubi titi: fasa ƙwauri da cin hanci a rayuwar Alhaji Gabatari, ta'addancin Mailoma da 'yan ƙungiyarsa bayan yaƙin basasa, gangancin direbobi da haɗarin mota. Dole a yaba wa alƙalan da suka bar littafi mai ɗaci irin Ƙarshen Alewa Ƙasa ya wuce, alhali kuɗin gwamnati ne a gasar.

To amma me ya biyo baya? Tattalin arziki ya karye, aka shiga tsuke bakin aljihu, a 1986 aka kawo shirin SAP, takarda ta yi tsada, manyan kamfanonin ɗab'i suka koma ga littattafan jarrabawa. Gasar ba ta zama al'ada ba. Littattafan da suka cancanci su shiga kowane gida sai suka maƙale a manhajar jami'a. Ni kaina kwafin Turmin Danya da na karanta hoton hoto ne, shafi biyu ma sun ɓace, sai da na roƙi wani malaminmu ya ara mini nasa.

Waɗanda ba su ci komai ba

A daidai lokacin da kamfanoni suka rufe ƙofa, sai wasu matasa da matan aure suka buɗe tasu. Suka tara kuɗinsu, suka kai rubutunsu ƙananan maɗaba'u, suka baza a kasuwa. Talatu Wada Ahmed ta fito da Rabin Raina, Balaraba Ramat Yakubu ta fito da Budurwar Zuciya, daga baya Alhaki Kwikwiyo, Ado Ahmad Gidan Dabino ya fito da In Da So Da Ƙauna a farkon shekarun 1990. Ba kwamitin da ya zauna a kansu, ba allon yabo. Abin da suka fara samu daga jami'a ma suka ne. Malam Ibrahim Malumfashi ya kira su Adabin Kasuwar Kano, Malam Abdalla Uba Adamu ya tsaya musu, aka yi ta muhawara a jaridu.

Sukar tana da ƙamshin gaskiya. Da yawa daga littattafan nan ba su ga edita ba, ƙa'idojin rubutu a karye, labari ɗaya ana ta juya shi. Wannan shi ne abin da ake rasawa in babu alƙalin farko. Amma alƙali na biyu ya yanke nasa hukunci: aka saya, aka ara, aka yi haya, aka karanta a rediyo, aka mai da wasu fim. Yabon hukuma sai daga baya ya biyo sawu. An fassara Alhaki Kwikwiyo zuwa Turanci aka buga a Indiya a 2012, Gidan Dabino kuma ya karɓi lambar girmamawa ta ƙasa, MON, a 2014, fiye da shekara ashirin bayan matasa sun haddace sunayen taurarinsa. Haka ma aka yi da Mamman Shata, wanda Jami'ar Ahmadu Bello ta ba digirin girmamawa a 1988, lokacin da ba sauran ƙauyen da bai san muryarsa ba. Irin wannan lamba shaida ce a kan hukuncin da jama'a suka riga suka yanke.

Gasannin zamaninmu

Kyautar adabi mafi tsoka a ƙasar nan ita ce wadda kamfanin gas na NLNG ya fara a 2004, wadda ta kai dala 100,000 a 2011, tana zagayawa tsakanin zube da waƙa da wasan kwaikwayo da adabin yara. Mun yi murna da Abubakar Adam Ibrahim ya ci ta a 2016 da labarin da ya gina a kan rayuwar Hausawa. Amma da Turanci ya rubuta, haka duk waɗanda suka ci ta. Ɗalibi mai basira da ke zaune a ajinmu yana ganin wannan, yana kuma yin lissafi. Ba sai an ce masa ya bar Hausa ba, jakar ta riga ta faɗa masa. Abu ɗaya da na yaba wa alƙalanta shi ne, a 2009 da 2015 sun ce ba wanda ya kai, suka riƙe kyautar, ko da yake an yi ta ce-ce-ku-ce.

Ba dole ne babbar kyauta ta zama ta Turanci ba. Kyautar Noma, wadda wani mai kamfanin ɗab'i na Japan ya kafa, aka bayar daga 1980 zuwa 2009, sharaɗinta shi ne a buga littafin a Afirka, kuma tana karɓar harsunan gida. Mariama Ba ta Senegal ce ta fara ci, a 1984 kuwa Gakaara wa Wanjau na Kenya ya samu da littafin da ya rubuta da harshen Kikuyu.

A namu ɓangaren, Sashen Hausa na BBC ya fara gasar Hikayata a 2016 domin mata, Aisha Muhammad Sabitu ta ci ta farko da labarinta Sansani, a 2022 kuma Amira Souley daga Jamhuriyar Nijar ta ci da Garar Biki. Ƙarfin wannan gasa shi ne ana karanta labaran da suka yi fice a rediyo, watau ana kai su kunnen alƙali na biyu. Rauninta a ganina shi ne wanda ke bin kowace fada. Da marubuta suka lura labaran baƙin ciki ne suka fi kai bantensu, sai hawaye ya yi yawa a gajerun labaranmu, har a gasannin ɗalibai. Na san haka domin nawa labarin na bara ma sai da na kashe uwa da jariri a shafi na biyu, ba don labarin ya bukata ba, sai don na zaci abin da alƙalai ke so ke nan. Wataƙila dalilin faɗuwata ke nan. Da an gaya mini, da na ƙaru.

Kammalawa

Gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba. Ina goyon bayan gasar ƙungiyarmu, ina kuma roƙon kwamiti ya dubi abubuwa huɗu.

Na farko, a raba kuɗin tun yanzu, kaso mafi girma ya tafi ga buga labarai goma da suka fi kyau, a kai su ɗakunan karatu da makarantun sakandare, a sa su a intanet, a nemi gidan rediyo ya karanta. In abin da ya rage bai isa lemo da kujerun haya ba, a yi bikin a aji.

Na biyu, alƙalai su rubuta dalilansu, a buga a wannan mujalla: me ya sa wannan ya fi wancan a jigo, da salo, da zubi, da sarrafa harshe. Malamanmu suna koya mana cewa tarke ba ya tsayuwa sai da hujja. Bai kamata a nemi hujja wurin ɗalibi a jarrabawa, a yafe wa alƙali ita a gasa ba. Wanda ya faɗi ma a ba shi ko layi biyar ne.

Na uku, kada a ƙayyade jigo. Da zarar an ce a yi rubutu kan illar shaye-shaye ko amfanin zaman lafiya, wa'azi talatin za a samu masu kama ɗaya. A kuma riƙa sauya alƙalai, a sa mace, a sa marubuci, a sa ko da mutum ɗaya ne daga masu karatun da ba su taɓa zama ajin nazari ba, don kada ɗanɗanon mutum ɗaya ya zama doka.

Na huɗu, wanda ya ci kada a sallame shi da ambulan. A haɗa shi da malamin da zai duba rubutunsa na gaba har shekara guda. Abin da East ya yi wa Imam ke nan, kuma shi ne ya fi kowace kyauta tasiri a tarihin da na bi.

Na san za a ce ɗalibin da bai gama digiri ba, wanda ko na goma bai zo ba, shi zai koya wa kwamiti aiki? Gaskiya ne, ban kai ba. Amma littattafan suna nan a ɗakin karatu, wanda ya yi shakka ya je ya tambayi ma'aikacin wurin waɗanne ne bangonsu ya yage don yawan aro, waɗanne ne kuma ƙura ta rufe. Ni dai zan sake shiga bana, kuma wannan karon ba wanda zai mutu a labarina sai in kwanansa ne ya ƙare. Allah ya saka wa mai ba da kyautar da alheri, ya ba alƙalai ikon yin adalci, mu kuma ya ba mu haƙurin karɓar gyara.